Wane Kawu?

Ribom ɗin ne ya fara tsayar da ita. Ja ne, da ɗan malam-buɗe-littafi na roba a tsakiya, an ɗaure shi a jelar kitson Shalele. Nas ta san duk abin da ke jikin ƴarta, don ita ke saye, ita ke wanki, kuma wannan bai taɓa shigowa gidanta ba.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Kawu," in ji Shalele, tana fama da igiyar takalmin makaranta.

"Wane Kawu?"

"Kawu mana."

Jariri na kuka a ɗaki, tukunya na kan wuta, sai Nas ta bar zancen. Ran Litinin ke nan.

Ran Talata da yamma tana zazzage jakar makaranta, safa guda ta faɗo daga aljihun gefe, a ƙudundune, da ɗan nauyi. Ta warware. Agogon roba ne ruwan hoda, sabo fil, ko ledar fuskarsa ba a ɓare ba. Ta fi daɗewa tana kallon safar a kan agogon. Yarinya ƴar shekara biyar ba ta naɗe abu cikin safa sai in wani ne ya nuna mata.

Ta kira Shalele, ta ɗora ta a cinya, ta sassauta murya irin yadda take yi wa yaran asibiti kafin allura.

"Agogonki ya yi kyau. Kawu ne ya ƙara ba ki?"

Shalele ta toshe baki da hannu biyu.

"Ba faɗa zan yi ba. Faɗa min."

"Ya ce sirrinmu ne. Ya ce in na faɗa ba zai kai ni ba."

"Ina zai kai ki?"

"Wajen ƴaƴan kyanwa. Guda huɗu ne, ɗaya fara tas. Jibi za mu je." Ta matso da baki kunnen uwarta. "Ni kaɗai. Ban da sauran."

Nas ta shiga lissafi a ranta. Kawu biyar ne a gidan nan, kuma ita ce ta mai da su Kawu.

Gidan bene ne mai hawa huɗu, ƙofa goma sha shida. Shekara biyu ta yi a hawa na uku ba ta taɓa shiga ɗakin kowa ba. Duk wanda ya shigo sai ya murza makulli, yara su yi ta leƙen juna ta taga. Wata rana ta fito shanya ta tarar da Shalele ta manna baki a ramin makullin maƙwabta tana kiran yarinyar da ke ciki. A ranar ta rubuta takarda ta manna a gindin matakala, cewa masu ƙananan yara su haɗu a san juna. Gida shida suka zama, har da nata. Aka tsara karɓa-karɓa: yau wannan gida ya kai yaran bakwai makaranta, wancan ya ɗauko su ya riƙe har iyaye su taso daga aiki. Aka buɗe guruf a waya. Nas ce ta kafe cewa ba yaron da zai ƙara cewa "mutumin ƙasa" ko "matar sama". Duk namiji Kawu ne, duk mace Anti. Dangi za a zama, ba ƴan haya ba. Yaran suka rama, suka laƙaba mata Anti Allura.

Wata takwas abin na tafiya sumul. Ba don shi ba da tuni ta ajiye aiki, domin Baban Shalele direban babbar mota ne, kwana bakwai a hanya, kwana biyu a gida.

Ta ɗauko waya ta buɗe guruf ɗin, ta mai da abin wasa.

"Zo mu yi canki-canki. Wannan ne?"

Hoton mijin Tela ne, maƙwabciyarta mai ɗinki. Shalele ta girgiza kai. Akawu na hawa na biyu, ta girgiza kai. Direban tasi, haka. Mai gyaran waya na can sama kuwa har dariya ta yi, ta ce shi ai ba gashi a kansa. Saura mutum ɗaya, shi kuma babu fuska a hotonsa. Ƙofar ƙarfe ce mai koren fenti, aikin hannunsa. Mai Walda, wanda shagonsa da ɗakinsa ke ƙasan benen.

"Kawun ƙasa ne? Baban ƙawarki?"

Shalele ta zame daga cinyar. "Kin sa na faɗa. Yanzu ba zai kai ni ba." Ta fashe da kuka ta shige ƙarƙashin tebur. Duk lallashin duniya ba ta ƙara cewa uffan ba.

Nas ta goya jariri, ta kulle Shalele gaban talabijin, ta sauka hawa na biyu.

Tela na kan keken ɗinki a tsakar falo, fil uku a bakinta. Ta saurari labarin tun daga ribom har safa, sannan ta zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ta soka a hannun kujera.

"Ban faɗa miki ba?"

"Ban ce shi ne ba."

"Huɗu ta ce a'a. Ke da kika yi makaranta mai zurfi, huɗu a cikin biyar saura nawa? Mutumin da ya yi shekara uku a gidan yari."

"Faɗa aka ce ya yi. Da ubangidansa."

"Faɗa ko sata, ai duk ƙofa ɗaya ake shigar da su. Matarsa me ya kore ta?"

"Rasuwa ta yi, Tela."

"Allah ya ji ƙanta," in ji Tela, ba ta ko ji kunya ba. "To kyanwa fa? Kin manta jar kyanwar nan da ke kwana cikin tarin ƙarafansa? Watan jiya cikinta har jan ƙasa yake."

Nas ta manta da kyanwar. Ta jingina da bango.

Ita ce fa ta tsaya masa. A taron farko gida uku suka ce in da Mai Walda ban da su. Ita ta miƙe ta ce, ƴarsa me ta yi? A bar ta ita kaɗai a tsakar gida tana kallon namu suna wasa, sannan mu ce muna koya musu tausayi? Ta yi magana har Akawu ya tafa mata. Ta tuna yadda ta hau bene a ranar tana jin kanta mutuniyar kirki.

"Gobe Laraba," in ji Tela. "Shi ke ɗauko su."

"Na sani."

"Ni zan ɗauko. Rubuta."

Nas ta rubuta a guruf cewa an canza tsarin Laraba, Tela ce za ta ɗauko yara. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsar Mai Walda ta shigo: "Lafiya dai? Na riga na ɗage aikin gobe." Ba wanda ya tanka. Tela ta riga ta ɗauki tata wayar tana kiran matar Akawu. Kafin rana ta faɗi duk matan sun ji, mazan ma sun ji, mai gyaran waya har yana tambaya ko a sauka a same shi. Nas ta ce kar wanda ya sauka, ba su da hujja sai safa. Amma da suka ce ta cire shi daga guruf, ta ɗora babban yatsa a kan koriyar ƙofar nan, ta danna.

"Ƴarsa fa?" ta tambaya.

"Ya kai abarsa," in ji Tela.

Da safen Laraba yaran suka sauko a layi, direban tasi a gaba. Ƴar Mai Walda na tsaye a gindin matakala inda ta saba jira, jaka a baya, kitson da ubanta ya yi mata duk ya karkace gefe guda. Ta miƙo wa Shalele hannu. Nas ta janye ƴarta zuwa ɗaya gefen kamar tana gyara mata riga.

Mai Walda na bakin shago, tabaran aiki a goshi. Dogo ne, marar yawan magana, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi.

"Anti Allura, wani abu na yi?"

"Mun makara," ta ce, ta wuce.

A cikin shagon, can ƙarƙashin tebirin aiki, ta hango kwali, da wani abu na motsi a ciki.

Ranar ba ta yi aikin kirki ba. Sau biyu ta auna jinin mutum ɗaya. Ta kira Baban Shalele a lokacin hutu, yana wani wuri mai iska da ƙarar injin.

"Ki kai wa ƴan sanda mana."

"In ce musu me? An ba ƴata ribom?"

"To kar ki bari ta sauka ƙasa. Ko ƙofar shagon kar ta kalla. Asabar ina nan, ni zan yi magana da shi."

Da yamma, tana wanke kwalaben jariri, aka ƙwanƙwasa. Sau biyu, a hankali. Ta leƙa ta ramin ƙofa. Mai Walda ne, ya wanke hannu ya sa riga mai tsabta. Wata takwas bai taɓa hawowa hawa na uku ba.

"Anti Allura, magana ce ƙarama. Game da yaran."

Shalele ta ɗago daga littafin zanenta. "Kawu ne."

Nas ta ja sakata ta biyu.

"Ba sai kin buɗe ba," ya ce ta bayan ƙofar. "Tambaya ɗaya zan yi. Yau da na je ɗauko tawa..."

"Ka sauka."

"Ki ji ni dai. Akwai wani..."

"Ka sauka, ko in tara maka gidan nan kaf yanzu. Kuma in na ƙara ganinka kusa da ƴata, inda ka fito za ka koma."

Ta kasa kunne a jikin ƙofar. Sai ta ji takunsa yana sauka, ba gaggawa. Ta ji daɗin yadda ta faɗi maganar.

Alhamis ta zo, jibin da aka yi wa Shalele alkawari. Nas ta yi tunanin barin ta a gida, sai ta ga gida ne ma haɗarin, tunda mutumin yana ƙasan ƙafarsu. Makaranta na da katanga, da ƙofar ƙarfe, da mai gadi. Ta kai ta da kanta, ta tsaya wajen tsohon mai gadin da ke zaune kan kujerar roba da rediyonsa.

"Baba, ka san Mai Walda, dogon nan?"

"Na san shi."

"Ƴarsa kawai za ka ba shi. Kar ka bari ya matso kusa da tawa. Ko me ya ce maka kar ka saurare shi."

Tsohon ya rage rediyo. "Wani abu ya faru ne, ƴata?"

"Ka dai yi yadda na ce. Yau ni zan ɗauke ta da kaina."

Ƙarfe ɗaya ake tashi. Ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata daga sha biyu da rabi. Sha biyu da ashirin aka shigo da wani tsoho ya yanke da gilashi, jini har gwiwar hannu, likita na ɗakin tiyata. Ta wanke, ta danne, ta naɗe, idonta na kan agogon bango. Sai ɗaya saura biyar ta fita, ko farar rigar ba ta cire ba. Ta kira mijin Tela, wanda ranar ɗaukarsa ce.

"Ga ni nan a hanya," ya ce, tana jin ƙarar cokali a faranti.

Motar haya ta ajiye ta a tsallaken makarantar ɗaya da minti goma. Tana sauka ta ga Mai Walda.

Yana bayan rumfar jiran mota, rabin jikinsa a ɓoye, ya riƙe ƴarsa da hannun hagu. Da na dama ya ɗaga waya yana saitin ƙofar makaranta. Ya riga ya ɗauki tasa, to me yake jira? Hoton wa yake ɗauka? Duk tsoron kwana uku ya taru ya zama fushi. Ba ta san lokacin da ta isa gare shi ba, sai ji ta yi ta cakumi wuyan rigarsa.

"Ba ni wayar nan."

"Sake ni."

"Hoton ƴata kake ɗauka? Da ƴarka a hannu, ko kunya ba ka ji?"

Mutane biyu da ke jiran mota suka juyo. Ƴarsa ta fara kuka. Shi ko kallon Nas bai yi ba, idonsa na can bayan kafaɗarta.

"Ki juya."

"Ba inda zan juya sai ka..."

"Ki juya, baiwar Allah. Ga ƴarki can."

Ta juya.

Ƙaramar ƙofar makarantar a buɗe take, mai gadi na riƙe da ita yana dariya. Wani mutum ne ke fitowa, matsakaici, fari tas da riga mai guga, jakar makaranta rataye a kafaɗarsa kamar kowane uba. Jakar Shalele ce. Shalele na gefensa tana tsalle, hannunta cikin nasa. Nas ba ta taɓa ganin fuskar nan ba a rayuwarta. Suka nufi wata ƙaramar farar mota da aka ajiye gaba kaɗan, wajen kwana.

Mai Walda ya fizge rigarsa, maɓalli biyu suka zube. Ya damƙa hannun ƴarsa cikin na Nas.

"Riƙe min ita."

Ya faɗa titi. Wata mota ta ja birki, wani mai babur ya auna masa zagi. Nas ta sunkuci yarinyar ta ɗora a kafaɗa ta bi shi, tana kiran Shalele da wata murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

Mutumin ya waiwayo. Ya ga dogon mutum a guje, ya ga farar riga a bayansa. Bai firgita ba, abin da ya fi tsaya wa Nas a rai ke nan daga baya. Ya saki hannun yarinyar, ya ajiye jakar a ƙasa a hankali, ya yi taku huɗu masu sauri, ya shiga motar. Mai Walda ya iso har ya daki gilashin baya da tafin hannu, motar ta sha kwana ta ɓace.

Shalele na tsaye ita kaɗai a gefen hanya, baki buɗe. Nas ta zube gwiwa biyu ta rungume ta, yara biyu a ƙirjinta, ta shafa kai, ta shafa hannu, ta duba wuya, kamar mai duba wanda aka ciro daga haɗari.

"Kin kore shi," in ji Shalele, ta soma kuka. "Kin kori Kawu."

Mai gadi ya ƙaraso yana ɗingishi, rediyo a hannu.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Baba, wa ka ba ƴata?"

"Kawunsu mana. Ya ce aiki ya riƙe ki, kin aiko shi."

"Wane Kawu? Ka san shi?"

Tsohon ya dube ta, ya dubi Mai Walda da ke haki, ya sake dubanta. "Ƴata, ai ke da bakinki kika faɗa min tun ranar farko. Kika ce, Baba, mu dangi ne, duk wanda ka ji yaran nan sun kira Kawu ko Anti namu ne, ka ba shi su. Sati uku ke nan yana zuwa. Ya zauna da su a benci kafin mai ɗauka ya iso, ya raba musu alawa, ya tafi. Su bakwai ɗin Kawu suke ce masa. Wannan ne kika ce in hana," ya nuna Mai Walda, "na kuwa hana shi. Ɗazu ya zo zai min wani dogon bayani, na ce ya ɗauki tasa ya tsallaka titi."

Nas ta tuna ranar. Ta tuna har da rigar da ke jikinta, da yadda tsohon ya ce kai, wannan abu ya yi kyau.

Mai Walda ya karɓi ƴarsa, ya goge mata fuska da gefen rigarsa da ta yage.

"Yi shiru, Mamana, ya wuce." Sannan ya yi magana, ba tare da ya kalli Nas ba. "Jiya na gan shi a benci a tsakiyarsu. Na tambayi wannan, ta ce sabon Kawu ne mai ƙamshi. Na ce ƙila ɗan'uwan wani ne aka sanar a guruf, tunda an cire ni. Shi ne na hau in tambaya."

"Me ya sa ba ka..." in ji Nas.

"Ban me ba? In ce akwai wani mutum? Ni?" Ya miƙa mata wayar. "Hoto uku na samu. Da ba ki riƙe ni ba da na samu lambar motar."

A lokacin mijin Tela ya iso yana sakace, yana tambayar ko ya makara.

Sun shafe yammacin a ofishin ƴan sanda. Aka karɓi hotunan, aka rubuta bayanin mai gadi, aka karɓi agogon da ribom ɗin a leda. Wata ƴar sanda ta zauna da Shalele a wani ɗaki, ta fito ta ce wa Nas bai taɓa ta ba, amma ba don bai yi niyya ba. Sai da aka zo rubuta bayanin Mai Walda Nas ta ga yadda ya zauna a bakin benci, hannu biyu a kan gwiwa, yana amsa kowace tambaya da kalma ɗaya. Ba wanda ya tilasta masa zuwa wurin nan.

Kafin magariba gida biyar suka taru a matakala, wasu a zaune wasu a tsaye. Ƙofar ƙasa a rufe. Aka yi ta miƙa waya ana kallon fuskar mutumin, ba wanda ya san shi.

"Wancan satin ɗana ya ce Kawu ya ba shi biskit," in ji Tela, muryarta ta yi ƙasa. "Na ɗauka direban tasi ne."

"Ni kuma na ɗauka mijinki ne," in ji matar Akawu.

"Mijina? Ya ba wani abinci?"

Ba wanda ya yi dariya sosai. Akawu ya gyara murya ya ce shi a ganinsa kowa ya koma ya riƙe nasa, an gwada, Allah ya tsare, ya isa haka.

"A'a," in ji Nas. Ta miƙe, jariri a baya. "Laifi biyu ne, duka nawa. Ni na buɗe wa mutumin nan ƙofa da bakina. Ni kuma na rufe wa wanda ya gan shi. In kowa ya koma ya kulle ɗakinsa, yau da ba wanda ke tsaye a tsallaken titin. Gobe za mu kai wa Baba mai gadi hoton kowa ya manna a bango, fuska, ba ƙofa ba, ba fure ba. Wanda ba ya jikin bangon ba ya ɗaukar yaro, ko ni ce na kira na ce a ba shi. Kuma ba yaron da zai ƙara zama a benci yana jiran wanda ke cin abinci."

Mijin Tela ya sunkuyar da kai. Akawu ya ce zai yi shawara da matarsa, matar ta ce an gama shawarar. Mai gyaran waya ya tambaya wa zai sauka ya ba mutumin haƙuri. Duk suka kalli Nas.

Da safen Juma'a ta sauka tun kafin sauran, Shalele a hannu. Shagon a rufe. Ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin. Ya buɗe da mataji a hannu, ƴarsa na zaune kan ƙaramar kujera, rabin kai a tsefe.

Duk abin da ta tsara faɗa ya gudu.

"Na zalunce ka," ta ce. "Abin da na faɗa maka ta bayan ƙofa, ba ni da bakin janye shi. Ka yi haƙuri."

Ya daɗe yana juya matajin.

"An ce hoto kika nuna mata. Da huɗu suka fita, sai ni," ya ce. "Ko tambaya babu."

"Babu."

"Ke ce kika ce musu ni mutum ne. Na ɗauka kin yarda da abin da kika faɗa."

"Ni ma na ɗauka."

Shalele ta zare hannunta ta wuce ta gefen ƙafarsa, ta tsuguna gaban ƙawarta tana ba ta labarin ƴar sanda. Nas ta ji jikinta ya yunƙura zai janyo ta. Ta tsaya inda take. Ya lura, ta san ya lura.

"Ban huce ba," ya ce. "Ba kuma yau zan huce ba. Amma yaran nan za su makara, ni kuwa kitson nan ya gagare ni."

Ta karɓi matajin. Minti biyar ta kama kan gida biyu.

Suka fita su tara, shi a gaba, yara bakwai a tsakiya, ita a baya. Suka nufi bakin titi. Nas ta dubi kowace farar mota da ta wuce, ta dubi waɗanda aka ajiye, ta leƙa cikinsu. A wajen tsallakawa wani dattijo mai jarida a hammata ya yi wa yaran murmushi, ya ce kai, wannan runduna haka, sai ina? Ƙaramin cikinsu ya buɗe baki zai gaishe shi. Nas ta dafa kafaɗar yaron, ta zuba wa dattijon ido, ba ta ɗauke ba har sai da murmushin ya bar fuskarsa ya mai da kai ga jaridarsa. Sannan suka tsallaka.